Baƙin Fenti a Goshin Jirgi

SHAFI NA 23

Ku da kuka cika min akwatin saƙo tun jiya kuna cewa na bar ku a tsaye, ku yi haƙuri, ba jan rai ba ne. Sau uku ina fara wannan shafin ina gogewa. Ga shi nan yadda ya zo.

*

Sati uku da binne ƙanena Wenzu aka aiko min da takardar aiki ɗakin ɗinki.

Shekara goma sha tara ke nan ina ɗinka kayan wannan fim, tun na ɗaya, yanzu ga mu a na bakwai. Rigar Kyaftin Drago, shugaban 'yan fashin teku, ko ido a rufe zan yanka ta. Kullum biyu nake yi. Ɗaya ta jarumin da ake manna hotonsa a jikin bas, ɗaya ta Wenzu, mai faɗa masa ruwa. Shi jarumin ko wanka zai yi a otal sai an taɓa masa ruwan an ji ɗuminsa. Duk tsallen da duniya ta tafa wa Kyaftin, ƙanena ne ya yi shi, har ranar da igiya ta riƙe masa ƙafa a ƙarƙashin jirgi, cikin babban tafkin simintin da ake ɗaukar fim a bakin teku.

Takardar ta ce: riga ɗaya, awon jarumi. A yaga kafaɗar hagu daga wuya zuwa hammata. A cire maɓalli na biyu da na uku. Har da zane aka haɗo min, kar in yi kuskure.

Na sake karanta takardar.

Na san wannan yagar. Ni na karɓo kayan Wenzu daga asibiti a cikin leda. Da safiyar ranar ni na sa masa rigar nan lafiya lau, har na ɗaure masa maɓallin wuya yana min tsiya wai zan shaƙe shi. A ƙarƙashin ruwa ta yage, yana kokawa da ransa.

Ina zaune da takardar a hannu mijina Leli ya turo ƙofa. Shi ne shugaban masu nutson da ke tsaron 'yan wasa a cikin ruwa, kuma shi ya fito da Wenzu da hannunsa. Tun ranar bai ci abinci ya ƙoshi ba, a kujera yake kwana. Tausayinsa nake ji har nakan manta da nawa ciwon.

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Guza, ki ɗinka kawai."

"In ɗinka me?"

Ya kalli takardar da ke hannuna, ya kau da kai.

"Ka ga takardar ke nan."

"Ban ce na gani ba."

"To ta ina ka san akwai abin ɗinkawa? Leli, dube ni. Me za su yi da rigar da ta yi kama da wadda ƙanena ya mutu a ciki?"

"Aikin mutane ne. Mu namu ɗinki da nutso."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Don Allah ki bar kaza cikin gashinta."

"Kaza? Wenzu ne kazar?"

Na miƙe na ture shi na fita. Ina jin takunsa a bayana, yana kiran sunana ƙasa-ƙasa kar ma'aikata su ji.

Hanyar ofis ta gefen tafkin take, dole ka wuce ta gaban jirgin. Na so in kau da kai, ban iya ba. Yana nan a tsaye da ƙaton goshinsa, da layi baƙi wuluk a ƙarƙashin idanunsa.

Babanmu ne ya shafa shi. A garinmu na masunta, Marsaxlokk, ko yaron goye ya san in an yi rasuwa a gida, mai jirgi yakan shafe gashin bakin jirginsa da baƙi, wato layin fentin nan da ke ƙasan idanun da ake zanawa a goshi. Duk wanda ya hango daga nesa ya san gidan nan suna makoki, sai ya cire hula. Baba Nardu ya yi wa ƙaramin jirginsa na kamun kifi washegarin jana'iza. Da ya gama, sai ya ɗauki sauran fentin ya hau bas ya zo nan, ya yi wa jirgin fim ma. Shi yake masa fenti tun fim na ɗaya, kuma ya ce Wenzu ya fi daɗewa a kan wannan jirgin fiye da ɗakin uwarsa.

Mun ɗauka korarsa za a yi. Sai ga sabon darakta, Mista Dalton, ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce kar wanda ya kuskura ya taɓa.

Ranar Lahadi Baba ya tsaya a ƙofar coci yana gaya wa duk wanda ya fito. "Baƙin nan sun san mutunci. Jirginsu na miliyoyi, sun bar shi yana makokin ɗana." Yana faɗa yana share ido da hula. Ni ma na yarda, Allah ya sani, har na ji kunyar zagin da na yi musu a zuci.

Ban ƙwanƙwasa ba, na tura ƙofar ɗakin haɗa fim.

Mista Dalton yana zaune gaban babban allo da kofin kofi. Kusa da shi Sur Spiteri, wato Malam Spiteri a yarenmu, manajan wurin, ɗan ƙasarmu, mutumin da murmushinsa ke riga gaisuwarsa isowa. Ya yi wuf ya sa hannu ya tsayar da hoton, amma na riga na gani. Ruwa kore, gindin jirgi, da mutum a cikin rigar da na ɗinka.

"A'a, Guza! Ke ce da kanki? Ai da kin aiko."

Na ajiye masa takardar a kan tebur.

"Sur Spiteri, karanta min wannan."

"Ai ƙaramin aiki ne, ba na gaggawa..."

"Ban ce ka auna min shi ba. Me za a yi da ita?"

Ya dubi Leli da ke tsaye a bayana, irin kallon da ake yi wa wanda aka ba ajiya ya yar. Mista Dalton ya ajiye kofinsa. Yaro ne, ko shekarun Wenzu bai kai ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi da shi, ba ya ƙarya.

"Zauna, Madam Guza. Gara ki ji daga bakina."

"A tsaye nake ji."

"To. A wannan fim Kyaftin Drago zai mutu."

"Ya mutu mana. Sau nawa ya mutu?"

"Kin ga matsalar ke nan, ke ma kin faɗa. An rataye shi a na biyu, ya dawo. An jefa shi daga kan hasumiya a na uku, ya dawo yana gyara hula. A na huɗu aka ƙirƙiro masa ɗan'uwa, a na biyar aka kai shi tekun ƙanƙara, a na shida aka yi masa aure. Na shiga silima na zauna a baya na kalli masu kallo. Ana harba igwa, yara suna latsa waya. Ba wanda yake jin tsoro, don kowa ya san ba abin da zai same shi. Shekara goma sha tara ana ɗumama tuwo ɗaya."

"Sai ka ce bari ka zuba masa naman ƙanena."

Ya runtse ido, amma bai ja da baya ba.

"Kyamara uku suna aiki a ranar. Abin da suka ɗauka, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba wanda zai iya wasa da shi. Fuskarsa ba za ta fito ba. Za mu ɗauki fuskar jarumi daga kusa, da riga iri ɗaya, mu haɗa. Minti biyu ne kawai."

"Minti biyu."

"Duniya za ta yi shiru a minti biyun nan. Kuma sunansa zai fito a ƙarshe, shi kaɗai a allo. Shekara goma sha tara ana rubuta shi a layi na ɗari da wani abu."

Na matso gaban teburin.

"Sabon abu kake nema? Da ka tambaya. Fim shida kuna nuna ɓarayi suna rawa a kan jirgi suna shan giya, an taɓa nuna waɗanda aka sace wa? Kakata ta ba mu labarin shekarar da 'yan fashin teku suka sauka Gozo, maƙwabcinmu, suka kwashe mutanen tsibirin, da tsoho da jariri. Ka nuna matar da ta hau rufin ɗaki ta hango filafilan jirgi, ta san ba ta da inda za ta kai 'ya'yanta. Ka nuna wanda ya dawo bayan shekara ashirin ya tarar ba mai gane shi. Nan garin kowane gida da irin labarinsa, kyauta ma za a ba ka. Amma ba ka tambaya ba, don a wurinka mu masu riƙe igiya ne da kawo kofi."

Na rantse sai da na ga idonsa ya yi ƙyalli, kamar zai ɗauki biro ya rubuta. Irinsu ko a gidan makoki suka ji magana mai daɗi sai sun sa ta a aljihu.

"Shawara ce mai kyau," ya ce. "Ta fim na takwas. In babu minti biyun nan, ba za a yi na takwas ba."

"To kar a yi."

Sur Spiteri ya yi gyaran murya.

"Guza, 'yar'uwa, mutum ɗari uku ke ci daga tafkin nan. Rabinsu kin san iyayensu."

"Kar ka ce min 'yar'uwa. Kuma ba ku isa ba. Ba wanda zai sa mutuwar Wenzu a silima mutane suna cin gugguru. Sai da izinin gida, kuma gida ba zai bayar ba."

Ya jawo aljihun tebur a hankali, ya fito da takarda, ya juyo min da ita.

Hannun Baba ne. Yadda yake rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, yana danna biro kamar zai huda takardar.

"Yaushe?"

"Ran Litinin. Da kansa ya zo yi wa Mista Dalton godiya a kan fentin."

"Baba ba ya karanta Turanci."

"Na fassara masa."

"Ka ce masa me?"

"Na ce za a karrama Wenzu a cikin fim. Ƙarya na yi?"

Na juya wajen Mista Dalton.

"Baƙin layin nan na goshin jirgi. Ka san ma'anarsa da ka ce a bar shi?"

"Daga baya aka gaya min."

"To a lokacin da ka ce a bar shi fa?"

"Ya yi kyau a kyamara. Jirgin ya canza fuska, ya zama abin tsoro. Shekara da shekaru ana neman abin da zai sabunta shi, sai ga tsoho ya yi shi da gwangwanin fenti ɗaya." Ya sunkuyar da kai. "Shi za mu sa a hoton talla."

Wannan ta fi yagar riga yi min ciwo. Tsoho ya tsaya a ƙofar coci yana yabon mutane, ashe su ado suka gani.

"Zan kai ku kotu," na ce. "Yau ɗin nan zan nemi lauya. Zan ce an yaudari tsoho ya sa hannu a abin da bai sani ba."

"Guza, mu tafi gida," Leli ya faɗa daga bayana.

"Ka yi min shiru! Abokinka ne tun kuna tsallen dutse a bakin ruwa. Kai ya kamata ka fasa allon nan, ba ni ba."

Sur Spiteri ya haɗa yatsunsa a kan tebur. Murmushin ya tafi.

"Ki je kotun. Hakkinki ne. Amma ki sani, alƙali ba minti biyu zai nema ba. Zai ce a kawo duka, yadda aka ɗauka. Da sauti."

"A kawo mana. Ni za ka tsorata da sauti?"

"Mu a fim kiɗa za mu ɗora a kai. Ba wanda zai ji komai har abada. Ki tambayi mijinki wanne ya fi."

Kafin in juya, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Baba ne. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya taje gashi da ruwa, ga manyan kifin lampuki biyu a naɗe cikin jarida a hammatarsa. Baƙin fenti bai gama fita daga farcensa ba.

"Ashe kuna nan duka," ya ce. "Na asuba ne, Sur Spiteri, ka ce wa Bature a gasa, kar a soya. Guza, me ya sami fuskarki?"

"Ba komai, Baba. Zo mu je waje."

Amma idonsa ya riga ya sauka a kan allon. Ya ajiye kifin a kan kujera. Ya matsa kusa, ya ƙanƙance ido.

"Wenzu ne wannan."

Ya ɗora yatsa a kan allon.

"Ai na san ƙafarsa. Karramawar ke nan?" Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "A kunna min in gani."

"Baba, ba yau ba."

"Ke, ɗana ne. Sati uku ina roƙon Allah ya nuna min shi ko a mafarki."

Sur Spiteri ya fara kame-kame, wai na'ura tana da matsala. Mista Dalton bai ji abin da ake faɗa da yarenmu ba, amma ya ga tsoho da hula a ƙirji yana nuna allo. Ban sani ba ko tausayi ne, ko so yake ya gwada minti biyunsa a kan mai kallo na farko. Ya miƙa hannu ya danna.

Hoton ya motsa, babu sauti.

Wenzu ya shigo ruwan kamar kibiya, ya juya, ya bi ta ƙarƙashin jirgi. Baba ya yi murmushi.

"Kun gani? Yana ɗan shekara shida na koya masa wannan juyin."

Sai igiyar ta naɗe ƙafar. Wenzu ya ja, ya sake ja. Ya lanƙwasa yana neman kwancewa, kafaɗar rigar ta kama ƙugiya ta yage. Murmushin Baba ya tsaya a inda yake.

Wenzu ya dubi kyamara. Ya dunƙule hannu ya buga ƙirjinsa.

"Nan ne," Mista Dalton ya faɗa a hankali da Turanci. "Kyaftin yana bankwana da teku. Yana dukan zuciyarsa."

"Me ya ce?" Baba ya tambaye ni, bai ɗauke ido daga allon ba.

Na kasa fassarawa.

"Wannan ba wasa ba ne," Baba ya ce. "Iska yake nema. Duk mai nutso ya san wannan. In ka buga ƙirji, iskarka ta ƙare, a zo a ɗauke ka."

Wenzu ya sake bugawa.

"Biyu," in ji Baba.

Ya sake.

"Uku. Ina mutane? Leli, ku nawa ne a bakin ruwan?"

Leli ya jingina da bango, fuskarsa kamar an shafa toka.

"Huɗu, Baba."

"Huɗu. Da tulun iska a bayanku."

"Eh."

"To me kuke jira?"

A allon, hannun ƙanena ya ɗaga karo na huɗu, bai kai ƙirjin ba. Na toshe bakina da tafin hannu. Na yi kuka a asibiti, na yi a maƙabarta, amma ban san akwai sauran irin wannan a cikina ba.

Baba ya sa hannu ya tsayar da hoton da kansa, ya danna maɓallin da ya ga Bature ya danna. Ya juya ya je ƙofa, ya murza makulli, ya zare shi ya sa a aljihun farar rigarsa. Mutum ne mai shekara saba'in da huɗu, amma ba wanda ya motsa.

"Sur Spiteri, na san akwai magana a cikin abin nan. Kullum kuna yawo da rediyo a kafaɗa. Mayar da shi baya, ka buɗe min in ji."

"Nardu, don girman Allah, ba amfani..."

"Na sa maka hannu ban karanta ba. Wannan da kunnena zan karanta."

"Baba." Leli ne. Ya zame daga jikin bangon har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa. "Baba, na roƙe ka. Guza, ki ce masa kar ya ji."

Na dube shi. Sai a lokacin na gane ba allon yake tsoro ba tun da muka shigo.

Ni na miƙa hannu na mayar da hoton baya, na murɗa sautin.

Ƙarar ruwa ta cika ɗakin, da shiiii na rediyo. Wani yaro daga cikin masu nutso yana ihu, "Ya buga ƙirji! Ya buga ƙirji, in shiga?"

Na jira in ji Turanci. Na rantse da kabarin uwata, Turanci na jira.

Muryar da ta amsa da yarenmu ta amsa, a natse, muryar da ke ce min in ƙara gishiri a miya shekara ashirin da biyu.

"Kar kowa ya shiga, za ku ɓata hoton. Na san Wenzu, yana da sauran numfashi."